Haɗin Kayan Miya da Haɗin Waƙoƙin Yayi

Duk wanda aka taɓa aike kasuwa yana yaro ya san wannan magana: "A haɗa mini kayan miya." Kuɗin da ke hannunka ba su kai na kwandon tumatir ba, balle buhun albasa. Sai ka miƙa wa mai kayan gwari, ya dubi kuɗin, ya dubi tsibin da ke gabansa, ya ɗauko tumatir biyar ko shida, tattasai biyu, tarugu ɗan kaɗan, albasa guda mai kyau, ya zuba a leda ɗaya. In ya san gidanku sai ya ƙara gyara, ya ce, "Ka gaishe da Inna." Haka muka taso muna gani a kasuwar Gwandu, inda lambunan fadama ke cika rumfuna da zarar sanyi ya shigo. Da wannan leda ɗaya gida guda zai ci tuwon dare.

Wannan hoto ne ya faɗo mini a rai wata yamma a Kalgo, ina zaune a bencin wani shagon caji ina jiran wayata. Wani saurayi ya tsayar da babur, ya ciro memori daga wayarsa ya miƙa wa mai shagon. Mai shago ya ce, "Mi za a sa maka?" Saurayin bai ambaci sunan mawaƙi ko ɗaya ba. Cewa ya yi, "Haɗa mini waɗanda ke tashe." Mai shago ya soka memorin a kwamfuta, ya buɗe wata ma'ajiya da ya riga ya tanada, kafin a ƙare gaisawa ya zuba masa waƙoƙin da za su kai shi mako yana saurare. Da zai miƙa masa ya ce, "Na ƙara maka wasu sabbin fita guda biyu, ka ji su." Har gyaran bai manta ba.

Tun daga ranar nake kallon mai turin waƙa da idon da nake kallon mai kayan gwari. Sana'arsu ɗaya ce a tushe: wani ya noma, su sun tsinto, sun haɗa daidai aljihun mai saye. Kuma amanar da ke wuyansu iri ɗaya ce, domin mai saye ya bar musu zaɓi.

Abin da ya haifi haɗi shi ne ƙarancin abin hannu da yawan abin sha'awa. Uwargida tana son miyarta ta ji komai, amma ba ta da kuɗin sarin kowane iri. Mai saurare ma yana son waƙar da ake yayi ta Hamisu Breaker, da ta Ado Gwanja, da ta Umar M. Shareef, da ta Ali Jita, amma ba zai iya bin kowane mawaƙi ya kwashi duk abin da ya rera ba, alhali a cikin waƙoƙi goma na kundi guda wataƙila ɗaya ko biyu ne suka kama shi. Zamanin kaset ma haka aka yi. Kana zuwa wurin mai kaset ka sayi wanda ba komai a kansa, na minti sittin ko casa'in, ka lissafa masa abin da kake so, ya haɗa rikoda biyu ya ɗauko daga nan ya zuba can. Bayan fim ɗin Sangaya ya fito a 1999, Wasila ya biyo baya a 2000, waƙoƙin finafinan Kano suka mamaye gari, sai kaset ɗin da ya tara waƙoƙin finafinai daban-daban ya zama abin da direbobin mota da masu shayi suka fi nema. Daga kaset aka koma faifan CD, daga nan aka koma memori da tura wa juna ta bulutut. Mazubin ne ya yi ta sauyawa, buƙatar tana nan yadda take.

Turawa ma da wannan buƙata suka gina babbar kasuwa. Abin da ya fi burge ni a tarihinsu shi ne mutumin da ya yi fice a farkon wannan ciniki ɗan tallan kayan girki ne. Philip Kives, mutumin Winnipeg a ƙasar Kanada, wuƙaƙe da kaskon suya da injin yanka kayan lambu yake tallatawa a talabijin kafin kamfaninsa na K-tel ya fitar da faifan da ya tara waƙoƙi 25 na mawaƙa daban-daban a 1966. Ya san halin mai cefane, ya san mutum yana son ya ga leda ta cika. Don faifai ɗaya ya ɗauki waƙoƙi da yawa, har gutsure wasu ake yi a gajarta su, kamar yadda mai gwari kan zaɓo ƙananan tumatir don tsibi ya yi yawa a ido. A Ingila kuwa an yi zamanin da ake sayar da faifai masu araha waɗanda ba masu waƙar na asali ne suka rera ba, wasu aka ɗauka haya su kwaikwayi muryarsu. Araha ba ta ado. Mai saye yana zuwa gida sai ya ji ɗanɗanon ba shi ba ne.

A ƙarshen Nuwamban 1983 kamfanonin Virgin da EMI suka haɗa kai a Ingila suka fito da kundin da suka kira Now That's What I Call Music, wato dai "wannan ita ce waƙa". Waƙoƙi 30 ne a ciki, da muryoyin masu su na gaskiya, 11 daga ciki sun taɓa hawa matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin ƙasar. Ba su tsaya kan salo ɗaya ba, duk abin da jama'a suka karɓa a watannin nan shi suka kwaso. Ciniki ya yi kyau har suka mayar da shi al'ada, galibi sau uku a shekara, kowane da lambarsa. Na 44, wanda ya fito a 1999, ya sayar da fiye da kwafi miliyan 2. Na 100 ya fito a Yulin 2018. Irin waɗannan kundaye sun danne kasuwa har a 1989 aka ware musu jeri nasu daban, don kada su riƙa tare wa mawaƙi mai kundinsa shi kaɗai hanya. A 1998 aka fara fitar da na Amurka. Ashe leda mai haɗi tana iya fin kwando ciniki.

To wa ke faɗa wa mai haɗi abin da zai zuba? Shi mai kayan gwari lokaci ne ubangidansa. Da sanyi tumatir ya wadata, sai ya cika maka hannu. Da damina ta kankama ya yi tsada, sai ya rage shi ya ƙara kuɓewa ɗanya da yakuwa. Bai isa ya sayar da abin da gona ba ta bayar ba. A ƙasashen Turawa ƙidaya ce ke nuna lokacin waƙa. Ingila ta fara jera waƙoƙi bisa yawan ciniki tun 1952, mujallar Billboard ta Amurka ta fara jerin waƙoƙi 100 a 1958, kuma mai haɗa kundi yana duban wannan jeri kamar yadda ɗan kasuwa ke duban farashi. A Nijeriya sai a 2020 aka samu TurnTable, mai ƙidaya abin da aka saurara ta intanet da gidajen rediyo. Sai dai waƙar da aka tura daga kwamfutar shago zuwa memori, daga memori zuwa wayar aboki, ba ta shiga wannan lissafi. Kamar albasar da aka saya a bakin lambu ce, an ci ta, ta yi amfani, amma ba ta bi ta hannun dillali ba balle a rubuta ta.

Mu namu ma'aunin a kunne yake. Iyayenmu suna da Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna, inda wasiƙun masu saurare ke nuna waƙar da zukata suka karkata gare ta. Yau kuwa mai turi yana gane tashe daga abin da dije ya maimaita sau uku a wurin biki, da abin da ke tashi daga wayar ɗan kabu-kabu, da abin da 'yan mata ke bi a TikTok, da sunan da mutum biyar suka tambaye shi tun safe. A 2020, lokacin kullen korona, ba wanda ya buƙaci ƙidaya kafin ya san "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta cika gari. A 2022 haka aka yi da "Warr" da "Chass" na Ado Gwanja. A Kalgo akwai ƙarin wata mashiga. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, mazauninta na dindindin kuma yana kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, ɗalibai daga sassan ƙasa suna zuwa da abin da ake ji a garuruwansu, sai ya zarce shagunan caji, ya shiga memorin ɗan gari.

Shi ya sa in ka buɗe irin wannan memori za ka ga ikon Allah. Ga waƙar soyayya ta fiyano, tana ƙarewa begen Annabi ya biyo, bayansa waƙar siyasa ta Rarara, sai Davido ko Burna Boy daga Legas, sai ta Indiya, sai kiɗan Zabarmawa daga ƙetaren iyaka, sai ta Fulani. Wani yakan ce wannan kwamacala ce. Ni kuwa ina ganin haka miya take. Tumatir shi kaɗai tsami gare shi, tarugu shi kaɗai azaba ne, albasa ita kaɗai hawaye take sawa. Haɗuwarsu a tukunya ɗaya ce ke sa a ce uwargida ta iya girki. Jiharmu ta Kebbi ma haka Allah Ya yi ta, ga Kabawa, ga Fulani, ga Zabarmawa, ga Dakarkari, ga Kambari, kasuwa ɗaya suke ci. Memorin da ya tara muryoyinsu ya fi kama da mu a kan wanda ya tsaya kan salo ɗaya.

Babban alherin haɗi yana cikin gyara. Sau nawa aka jefa maka ɗan ganyen da ba ka nema ba, uwargida ta gwada, daga ranar ya zama ba a miya sai da shi? Haka sabon mawaƙi ke shiga kunnen mutane, a raɓe da wanda ya riga ya yi suna. Akwai misalin da ya faru kusa da mu. Mdou Moctar, Buzu mai kaɗa jita daga Jamhuriyar Nijar, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko mai suna Anar a 2008, da irin gyaran muryar da masu waƙoƙin finafinan Hausa ke yi. Ba wani kamfani da ya rarraba shi. Daga waya zuwa waya waƙoƙin suka bi hamada har Kidal ta ƙasar Mali. Can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsince su a memorin mutane, ya tara su da na wasu mawaƙa a kundin Music from Saharan Cellphones, wanda kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011. Yau Mdou Moctar yana zagaya Turai da Amurka yana wasa. Kamfanin nan ya sake fitar da wani kundi a 2013, Harafin So, wanda ya tara waƙoƙin finafinan Hausa ya kai su kunnen waɗanda ba su taɓa jin sunan Kano ba. Abin da ya fara a matsayin gyara ya zama abin da ake zuwa nema.

Amma kayan gwari sunansa kayan gwari, ba ya jiran kowa. Tumatirin da aka yi rububinsa da safe, bayan kwana uku sai a zubar. Waƙar yayi ma haka take, wadda ta hana gari barci bara, bana in ta tashi sai a ce a wuce ta. Wannan ba aibi ba ne, halittarta ke nan, zamani riga ne. Sai dai uwargida mai hankali ba ta dogara da ɗanyen kaya kaɗai. A ɗakinta akwai kuka, akwai daddawa, akwai busasshiyar kuɓewa da kauɗar tumatir, waɗanda ke fitar da gida kunya ranar da kasuwa ta yi tsada. A fagen waƙa, su ne Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Ɗan Anace, su ne Mamman Shata da ya rasu tun 1999 amma har gobe ana jin sa a tasha, su ne Sani Aliyu Ɗandawo na Yawuri a nan jiharmu, da Barmani Choge a wajen mata. Da tsohuwar zuma ake magani. Na lura masu turi na kirki sukan jefa biyu ko uku daga cikin waɗannan a ƙarshen haɗi, ko ba a nema ba. Yaron da ya zo neman waƙar rawa sai ya koma gida da Hausar da ba zai same ta a makaranta ba.

Ko ɗanyen ma yana da ranarsa bayan ya wuce. Duk wanda ya taɓa tsintar tsohon kaset ko tsohon memori a ƙasan akwati ya san abin da nake nufi. Kana kunnawa sai shekarar ta dawo maka ɗungurungum: bikin wance, tafiyar da aka yi zuwa Argungu kallon bikin kamun kifi, abokin da yanzu ba ya duniya. Waƙa ɗaya takan tuna maka mawaƙinta, haɗi kuwa lokacin gaba ɗaya yake tuna maka, don ya kwaso duk abin da ake ji a kwanakin.

Inda amana take, nan cin amana ke iya shiga. Akwai mai gwarin da ke jera masu kyau a sama ya ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa, sai an je gida a zazzage a ga ɓarna. Memori ma ba a ganin cikinsa a shago. Magidanci ya ce a haɗa masa na tashe, ya kawo gida ya sa a rediyo, yara na tsakar gida, surukai na zaure, sai ga waƙar batsa ta fasa. Wake ɗaya ke ɓata gari. Mai turin da ya san sana'arsa yakan tambaya, "Na gida ne ko naka ne kai kaɗai?" kamar yadda mai gwari ke tambaya ko akwai mai gyambon ciki a gidan kafin ya cika tarugu. Akwai kuma wata hanyar da ruɓaɓɓe ke shiga tsibi. A kasuwar Alaba ta Legas, inda aka daɗe ana buga faifan haɗi, sananne ne cewa sabbin mawaƙa kan biya kuɗi don a cusa waƙarsu a tsakanin na manya. Wanda ya saya yana zaton jama'a ne suka zaɓa, alhali aljihu ne ya zaɓa. Gyara na gaskiya kyauta ce daga wanda ya ɗanɗana ya ji daɗi.

A wuri ɗaya ne kwatancin nan ya rabu, kuma nan ne ya fi damuna. Mai kayan gwari kafin ya kasa tumatir ɗaya sai ya biya manomi. Ko an yi masa tayin wulaƙanci, manomin Gwandu da ya kwana yana ban ruwa yakan koma gida da wani abu a aljihu. Kundayen Ingila da na ambata ma sai an nemi izinin masu waƙa an biya kafin a buga. Kirkley da kansa sai da ya bi sawun mawaƙan da ya tsinta a memori, ya nemo su, ya ba su rabonsu. Amma a shagunan turi namu, kuɗin da saurayi ya miƙa a teburin mai shago suke tsayawa. Mawaƙin da ya biya situdiyo, ya biya mai kiɗa da 'yan amshi, ya ɓata dare yana saƙa baiti, ba ya ganin ko sisi. Shi ya sa da yawansu suka koma dogaro da liƙi a wurin biki da waƙar 'yan siyasa. In muka ga waƙoƙin faɗakarwa sun ragu, na kirari sun yawaita, mu tuna manomi abin da ake biyansa shi yake shukawa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ba na ɗora laifin duka a kan mai turi. Yaro ne da ya ƙi zaman banza, ya sayi tsohuwar kwamfuta da ɗan janareta yana neman halaliyarsa, kuma shi ne ke kai waƙa ƙauyen da intanet ba ta isa ba. Ƙasa tana da dokar haƙƙin mallaka, wadda aka sabunta aka sa mata hannu a 2023, amma doka a takarda ba ta kai kuɗi gidan mawaƙi sai an gina hanya. Ƙungiyoyin mawaƙa da na masu turi za su iya zama su yi abin da manoma da 'yan gwari suka daɗe da yi: mawaƙi ya ba da sabuwar waƙarsa ga ƙungiya a kan farashi sananne, ƙungiya ta raba wa mambobinta, kowa ya samu. Wanda kuma yake da data a waya, ya saurari mawaƙin da yake so a shafinsa na YouTube ko Audiomack ko Boomplay, inda sauraron ke shiga lissafinsa.

Akwai kuma haƙƙin da ba ya buƙatar ko kwabo, shi ne suna. Waƙoƙi da yawa suna yawo a memori ba sunan mai su, sai lamba kawai, ko sunan shagon da ya tura su. Ana ji ana yabawa, ba a san wa za a yi wa addu'a ba. Mu mutanen Gwandu muna da darasi a gida. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Allah Ya ƙara masa rahama, da ya tara wasu baitocinsa a Tazyinul Waraƙati, ya bayyana dalilin kowace ƙasida da abin da ya faru har aka yi ta. Shi ya sa bayan fiye da shekara 200 ɗalibai ke karanta su suna sanin asalinsu. Ilimi da waƙar yayi ba matsayinsu ɗaya ba, amma ladabin tarawa ɗaya ne: in ka tara aikin mutane, ka bar kowane da sunan mai shi.

Don haka, ɗan'uwana mai turi a Kalgo da Gwandu da duk inda kake, ka riƙe sana'arka da martabar da dattawan kasuwa suka riƙe tasu. Ka saurara kafin ka zuba, ka tambayi inda za a kunna, ka rubuta sunan mawaƙi, ka sa wa matasan mawaƙan Kebbi wuri a cikin gyara, kada ka manta da daddawar magabata. Kai kuma mai saye, in ka karɓi ledarka ka duba cikinta kafin ka shiga gida, in waƙa ta yi maka daɗi ka nemi sunan mai ita, in ka samu hanyar saka masa ka saka. Manomin da aka biya shi ne ke komawa lambu baɗi. Allah Ya sa wa kowa albarka a sana'arsa.